Mai Zanen da Ya Sayi Sunayen Layinmu

Shekara ashirin da shida ni ina haɗa ƙarfen allo, shi yana rubutu a kai. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa, bangon ma na langa-langa, in ya yi tari ina ji. Mai Zane ake ce masa a layin. Ni Yaya nake kiransa, don ya ba ni shekara tara. Shi kuwa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Tartsatsi, saboda walda.

Ba zan yi masa ƙarya don yau ya zama abin tausayi ba. Mutum ne mai taurin kai da son gyara. Ka kawo masa aiki da kuɗinka, sai ya zaunar da kai ya gaya maka launin da ka zaɓa na marasa ido ne. Amma in ya ɗauki buroshi, kowa shiru yake yi. Daga mahaɗar titi har tashar mota, da wuya ka ga allon shago da ba hannunsa ba: na tela, na mai magani, na makaranta, na mai kayan gyaran mota. Yana kuma da doka guda da ba ya takawa, ba ya rubuta wa mutum biyu suna ɗaya. Wani mai aski ya taɓa zuwa yana son irin sunan wani mai askin da ke kan kwana, har ya ninka kuɗi. Mai Zane ya ce masa ya koma gida ya yi tunani, sunaye ba su ƙare a duniya ba.

Sai injin nan ya zo, mai buga rubutu da hoto a jikin leda. Abin da Mai Zane ke kwana uku yana yi, injin na yin sa kafin ka sha ruwa. Ledar tana koɗewa cikin damina biyu, amma wa ya damu? Ni ban rasa aiki ba, don leda ma sai da ƙarfe take tsayuwa. Shi kam sai ya koma rubuta lambar gida da bayan motar haya.

Bayan wannan ido ya fara. Da farko ya ce hayaƙin waldata ne. Sai ya riƙa yin tuntuɓe da gwangwanin fenti a gefen ƙafarsa, yana cin karo da ƙyauren shago. Ni na ɗauke shi a babur zuwa asibiti, kuma ina tsaye likita ta yi bayani. Ta ce ciwo ne mai cin jijiyar ido, daga gefe yake farawa yana shigowa tsakiya. Abin da ya riga ya ci ba ya dawowa, amma in aka yi aiki da wuri za a tsayar da shi inda ya kai. Idanun biyu duka. Ta rubuta kuɗin a takarda, ta ce kada a wuce shekara.

A watan ne aka sayar da gidan mahaifinsu aka raba gado. Su goma sha ɗaya ne. Abin da ya faɗo masa ya isa aikin ido ɗaya, da ɗan saura.

Na ce, "Yaya, gobe mu koma. A yi na dama."

"Na hagun fa? In bar shi ya mutu ina kallo?"

"Da babu gara ba daɗi."

"Kai ƙarfe ka sani, Tartsatsi. Wa zai ba mai ido ɗaya tsani ya hau? Biyu Allah ya ba ni, biyu zan gyara."

Kuɗin na nan a akwatin buroshi sati uku, har wani mutum mai kwat da ƙamshin turare ya shigo layin. Yana son a rubuta masa ƙyallen sanarwar wani taro da zai yi a otal, na koyar da neman arziki a intanet. Hannu ya fi inji araha, shi ya sa ya zo. Da aka gama, ya biya rabin kuɗin, sauran rabin ya ce ya ba Mai Zane kujera a taron kyauta. Ni dai na ce masa kujera ba ta shiga tukunya. Mai Zane ya sa rigarsa mai kyau ya tafi.

Ya dawo fuskarsa kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ja benci har bakin shagona, ya sa na kashe inji, ya yi mini karatu. Duk shagon da ke son a same shi a intanet sai ya yi adireshi, wato sunansa, sai ɗigo, sai wasu haruffa a ƙarshe. Kowace ƙasa tana da nata haruffa biyu. Wanda ya riga yin rajistar suna, shi ke da shi, ko da ba shi da shago. Mai kwat ya gaya musu akwai waɗanda suka kama suna da kuɗin shayi suka sayar da kuɗin gida. Ya ce haruffan ƙasarmu har yanzu daji ne da ba a yanka filaye ba, kafin shekara kowa zai rugo.

"To wa ya fi ni sanin sunaye a garin nan?" in ji Mai Zane. "Ni na rubuta su. Kafin su farka na riga na kama musu wuri. Ba ƙwace ba ne, ajiya ce. In sun zo, su ba ni ladan ajiya. Ko rabinsu ne suka ninka mini sau huɗu, ga ido biyu."

Na ce, "Nuna mini ɗaya in taɓa."

"Ba a taɓawa."

"Abin da ba a taɓawa, da me za ka san yana nan?"

"Rasit."

Na kunna injina.

Shi bai iya kwamfuta ba. Akwai wata mata a ƙarshen layi mai shagon buga takardu, Mai Kwamfuta muke ce mata, mace mai natsuwa, 'ya'yanta huɗu. Wurinta ya kai kuɗin. Daga baya ta gaya mini sau uku tana tsayar da hannu tana ce masa, "Baba, ka gane haya ce ba saye ba? Duk shekara sai an sabunta, in ba haka ba ya fita daga hannunka." Ya ce ya ji, kafin shekara ai ya sayar. Ta kuma ce masu wannan harkar gajerun kalmomi suke nema, irin su gida da mota, waɗannan kuwa an riga an kwashe. Ya ce shi ba ya sayen sunan da ba shi da mai shi. Kwana biyu suna zaune, yana faɗa tana bugawa, kowane suna cif yadda yake a allon, wani ma tsawonsa ya kai kamu. Sittin suka yi.

Da yake bai yarda da abin da ke cikin kwamfuta kaɗai ba, sai ya yanka guntayen katako sittin, ya rubuta kowane suna da ɗigonsa da haruffansa biyu, ya rataye su a ƙusa layi-layi. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba musu. Bangon ya zama kamar wurin rataye makullan otal.

Ya jira wata uku ba wanda ya zo. Sai ya fara bi shago-shago. Ina nan lokacin da ya je wa mai kayan gyaran mota, don ina gyara masa ƙofa.

"Tsaya, Mai Zane, in fahimce ka. Sunan da ubana ya sa wa shagon nan, shi za ka sayar mini?"

"Ba sunan ba. Wurin zamansa a intanet."

"To ya yi zamansa. In ya gaji ya dawo gida, ƙofa a buɗe take."

Masu zaman benci suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, nawa ne sunan surukata? In da araha a riƙe shi can, kada a sako."

Tela bai yi dariya ba. Wayarsa ya ciro ya nuna masa hotunan ɗinki jere. "Nan mata ke samuna, Yaya. Su gani, su turo awo, su turo kuɗi. Ban biya kowa ba. Wannan naka sai na sake ɗaukar wani ya gina mini shafi a kai, ko ba haka ba?" Haka ne. Mai magani ya ce sai ya yi shawara, har yau yana shawarar. Cikin sittin ɗaya tak aka saya, wata makaranta ce, a daidai kuɗin da ya kashe. Ina jin shugabar kunyar furfurarsa ta ji.

Ido kuwa bai jira kasuwa ba. A wata na bakwai ya daina gaishe da mutum sai ya zo daidai gabansa. A na tara ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ta hagu ya ture shi. Maganin ɗigawa yana sawa yau, gobe babu. Lambar mai kwat ta daina shiga. Ni na daina magana a kai, don na faɗi abin da zan faɗa, maimaici ba ya ƙara wa ƙarfe kauri.

A wata na goma wata farar mota ta tsaya a bakin shagonsa. Wani mutum ya fito, bai kai arba'in ba, mai fara'a, ya durƙusa ya gaida shi. Na kashe inji na ɗaga gilashina.

"Baba, an ce kai ke riƙe da Burodin Asuba a intanet."

Burodin Asuba gidan burodi ne a bayan layinmu. Allonsa shi ne na farko da Mai Zane ya taɓa rubutawa da kansa, yana saurayi. Mai gidan abokinsa ne, ya rasu shekara shida da suka wuce, matarsa ke riƙe da tanda, tana kai wa makarantu da shaguna.

Mai Zane ya ce, "Ni ne mai ajiyarsa. Kai ɗan gidan ne?"

"Ni ma burodi nake yi, Baba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ni na gane shi. Shi ne ya buɗe babban gidan burodi bayan tasha, ya sa masa Sabon Asuba, ledarsa launi ɗaya da ta matar. Bai ɓoye komai ba. Ya ce yanzu makarantu da otal-otal a intanet suke neman mai kawo musu kaya, sunan da suka sani shi suke bugawa, shi kuma yana son in sun buga su faɗo wurinsa. Sai ya faɗi abin da zai biya. Na ajiye ƙarfen da ke hannuna. Ido biyu ne, da magani, da ragowar da za ta kai shi wata shida.

Mai Zane ya juya kai ya dubi katakan da ke bango. Sai ya ce, "Ɗana, suna ɗaya ba ya hawa allo biyu. Je ka nemi naka."

Mutumin bai yi fushi ba. Ya ajiye kati a kan benci, ya ce, "Ba gaggawa, Baba. Ni mai haƙuri ne." Ya shiga motarsa.

Na shiga shagon da hayaƙi a kaina.

"Yaya, ka haukace ne? Ba don wannan ranar ka zuba idonka a katako ba? Kasuwar da kake jira ta zo har ƙofa, ka kore ta!"

"Na ajiye wa masu su ne."

"Masu su ba sa so! Wata bakwai kana yawo, wa ya so?"

"Mijin matar nan ya ba ni allo lokacin da ba wanda ya san ni. In sayar da sunansa ga mai cin kasuwar iyalinsa?"

"Marigayi ba zai taso ya ja maka gora ba."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, don sai haka yake ganina. Ya ce, "Fita."

Na fita. Wata huɗu ban leƙa shi ba, ina jin tarinsa ta langa-langa. Wannan laifina ne, ban kuma da abin da zan kare kaina da shi. Da ina shiga, da abin da ya biyo baya bai faru ba, don kuɗin sabunta suna ɗaya bai kai na gwangwanin fenti ba.

A cikin kwanakin nan ya je wurin matar burodi. Ita ta ba ni labari daga baya. Ya same ta tana fitar da burodi daga tanda, ya ce ya kawo mata sunan gidanta na intanet, kyauta, ta je wurin Mai Kwamfuta a mayar da shi hannunta. Ta ce, "Yaya Mai Zane, ni me zan yi da shi? Ga gari ya yi tsada, ga direba ya gudu. Ka riƙe, ai a hannunka ya fi tsira." Ta sa aka ɗaure masa burodi biyu. Bai gaya mata wani ya taya ba, bai gaya mata nawa ba. Ya ce ba ya son ta ɗauka roƙo ya zo.

Shekara ta cika. Mai Kwamfuta ta tako da ƙafarta ta same shi. Ta ce ta san ba zai iya sabunta hamsin da tara ba, amma ko na burodin nan ya sabunta, tun da an nuna ana so.

Ya ce, "Na sake su duka. Kowa sunansa ya koma gare shi."

"Baba, ba ya komawa wurin kowa. In kwanakin jira suka wuce, wanda ya riga shi ya samu. Kuma ranar da wa'adi zai cika a fili take, kowa na iya dubawa."

"Ofis guda, mutum ya zo ya ce a ba shi sunan wani, ba za su tambaye shi ko nasa ne ba? Ni da nake ɗan shago ma ina tambaya."

"Ba sa tambaya, Baba."

"Za su tambaya."

Daga baya ta gaya mini ta so ta biya daga aljihunta, sai ɗanta ya kwanta rashin lafiya, abin ya fita daga ranta. Shi kuma ya sauke katakan nan ya ba matarsa ta hura wuta.

Bayan wata biyu motar Sabon Asuba ta wuce ta layinmu da sabuwar leda a jikinta. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a ƙasan hoton burodi: sunan gidan matar, ɗigo, haruffa biyu. Mutumin ya jira ne kawai, ya ɗauka a kuɗin rajista. Mai Zane bai ga motar ba. Ni na shiga na gaya masa, shigata ta farko ke nan tun faɗanmu.

Ya ce, "Ba su tambaye shi ba?"

Na ce, "Kai da ka ɗauki sittin, wa ya tambaye ka?"

Ya laluba benci ya zauna. Na yi nadamar faɗa, amma gaskiya ce, kuma da wani ya faɗa masa ita da wuri da ta yi amfani.

Matar ta rasa makarantu biyu a zangon da ya biyo, sun yi oda suna zaton gidanta ne. Har yanzu tana gashi, tanda ɗaya maimakon biyu. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, ban ma tabbata ta haɗa abin da shi ba.

Ranar da na gaya masa zancen motar, na ɗauki kwalin wayar walda na bi layi ina neman gudummawa. Ban yi dogon bayani ba, na ce idon Mai Zane ne. Mai kayan gyaran mota, wanda ya yi masa dariya, ya ba da abin da ya ninka kuɗin sunansa sau goma. Tela ya bayar, mai magani ya bayar ba tare da shawara ba. Matar burodi ta cire ɗan kunnenta. Kwana tara kuɗin ido ɗaya ya haɗu. Mutanen da ba za su sayi iska ba sun san ido. Da tun farko hannu ya miƙa musu maimakon katako, da an yi biyun. Amma shi ba mai miƙa hannu ba ne, ni kuma ban yi tunanin kwalin ba sai da aikin gama ya gama.

Likita ta haska idon hagu ta daɗe, sai ta kashe fitilar. Ta ce wannan ya tafi. Aka yi na dama. Abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta bututun ruwa ne, in ya kalli fuskarka hanci yake gani, sai ya motsa kai ya ga baki.

Da aka cire bandeji ya ce zai koma aiki. Mai magani ya kawo masa ɗan allo, a rubuta kada a ajiye mota a bakin ƙofa. Na tsaya ina riƙe masa gwangwani. Hannun nan na nan yadda yake, kowane harafi ya fito kamar an zuba shi. Sai dai harafi ɗaya yake gani a lokaci guda, bai san inda allon ya kai ba. Yana tsakiyar kalma ta huɗu buroshi ya faɗa iska.

Ya tsaya. Ya shafa gefen allon da yatsa.

"Tartsatsi, saura kalma nawa?"

"Uku, Yaya."

Ya ce in miƙo masa fari. Ya shafe allon kaf, sau biyu, ba tabo. Ya ce in mayar wa mai magani, in gaya masa ya kai wa masu inji.

A ƙarshen watan mijin 'yarsa ya zo da motar ɗaukar kaya aka kwashe benci da tsani. Yana can gidansu, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ina zuwa in na samu sarari, ba kullum ba. Shagon kuwa, wani mai sayar da waya ne ya kama, ya ce in haɗa masa ƙarfen allo, na haɗa.